Yadda za ka farfaɗo da ƙaramar a-kori-kura ta haɗawa idan ta lalace

Ƙananan motocin nan da ake sayarwa gunduwa-gunduwa a cikin kwali, mutum ya haɗa su da gam ya yi musu fenti da kansa, da wuya su iso Jos sababbi fil. Galibi a cikin kayan wasan yara na gwanjo ake cin karo da su, a Katako ko wajajen Taminus, bayan wani ya riga ya haɗa su a ƙasar waje shekaru da dama da suka wuce. Za ka ga gam ya malala a kan gilashi, fenti ya yi kauri har ya cike layin ƙofa, ginshiƙin rufi ya karye, taya ɗaya ta yi ɓatan dabo. Irin wannan a-kori-kura tana gyaruwa, har ta fi yadda mai ita na farko ya haɗa ta kyau. Abu biyu ne ke kashe ta a hannun mai gyara, wato zafi da sinadari mai ƙarfi, kuma kusan duk wahalar aikin a kan kiyaye robar daga gare su take.

Fara da sanin abin da ke hannunka

Juya motar ka duba ƙarƙashin shasi, sau da yawa sunan kamfanin yana nan. AMT da MPC na Amurka a ma'aunin 1/25 suke yin nasu, kamar a-kori-kura ƙirar Ford ta 1953 da AMT ke fitarwa tun shekarun 1960. Kamfanonin Japan kuwa 1/24 suke bi: Aoshima tana yin Toyota Hilux, Hasegawa tana yin ƙaramar Nissan Sunny mai buɗaɗɗen baya. Ma'anar 1/24 ita ce motar da tsawonta ya kai mita 4.8 ta koma santimita 20, kuma kowace milimita 1 a jikin ƙaramar daidai take da milimita 24 a jikin babbar. Riƙe wannan lissafi, don da shi za ka zaɓi kaurin waya da na roba idan an zo ƙera abin da ya ɓace. Tazarar da ke tsakanin 1/24 da 1/25 ba ta wuce kashi 4 cikin 100 ba, saboda haka taya, kujera ko madubin ɗaya yana shiga ɗaya ba tare da ido ya gane ba.

Idan bodin yana da nauyi da sanyi a hannu, ƙarfe ne, kuma gyaransa daban yake da wannan. Abin da muke magana a kai shi ne na roba mai suna folistirin, irin wadda ake yi wa alamar lamba 6 da haruffan PS a cikin ɗan kusurwa uku. Farin cokalin roba mai ƙaras-ƙaras da ake ba da shi tare da abincin saye galibi irinta ne. Sayi ƙulli guda ka ajiye. Duk sinadari ko fentin da za ka sa wa motar, ka fara gwada shi a bayan cokali ka bar shi ya kwana.

Kafin ka ɓalle komai, ɗauki hotonta da waya ta kowane ɓangare, har da ƙarƙashi da cikin injin, tunda ba ka da takardar haɗi. Sannan ka wanke ta da ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke na ruwa, da tsohon burushin haƙori. A cikin roba mai faɗi za ka yi wankin, kada ka yi shi a bakin rariya, domin ƙananan sassa suna ɓallewa da kansu su bi ruwa.

Warwarewa

Yadda za ka raba sassan ya danganta da irin gam ɗin da aka yi amfani da shi. Farin gam na kafinta yana saki idan an jiƙa shi a ruwan ɗumi na minti 20 zuwa 30. Sufa gulu yana da taurin kai amma sanyi yana sa shi gautsi. Gam ɗin roba na asali, wanda ake yi musamman don irin waɗannan motoci, shi ne mai wuya, domin narkar da fuskokin biyu yake yi su zama abu ɗaya.

Dabarar da ta fi sauƙi a kan robar ita ce ta firiza. Tsoma motar a ruwa ta jiƙe sharkaf, sa ta a leda ka ɗaure, ka bar ta a firiza har ta daskare sosai. Ruwan da ya shiga ƙananan ramukan mahaɗa yana kumbura idan ya zama ƙanƙara, sai ya raunana gam ɗin. Idan wutar unguwarku ba ta tsayawa, kai ta wurin masu ƙanƙara ta kwana. Da ka fito da ita, sa bakin siririyar wuƙa a mahaɗa ka ɗan murɗa a hankali. Wadda ta yi ƙara ta saki, to. Wadda ta ƙi, a maimaita daskarewar sau biyu ko uku. Idan ka ga robar ta fara yin fari a gefen mahaɗa, alamar tana gab da karyewa ke nan, ka dakata. A nan gara ka yanka. Juya wuƙar ka yi amfani da bayan tsininta, kana jan layi a kan mahaɗar sau da yawa ba tare da dannawa ba, har ta rabu.

Fara da raba bodi da shasi, sannan akwatin baya, sannan kujeru da dashbod. Gilashi shi ne na ƙarshe kuma shi ya fi haɗari, don robarsa ta fi sauran gautsi. Ba dole ne a warware komai ba. Injin da aka haɗa daidai, a bar shi a haɗe a cire masa fenti haka nan. Zuba sassan a kiret ɗin ƙwai, na hagu daban, na dama daban.

Cire tsohon fenti

A nan ne yawancin motoci ke mutuwa. Tina ta masu fentin mota, fetur, da ruwan goge jan farce duk suna cin folistirin. Cikin daƙiƙu kaɗan fuskar bodin za ta yi laushi ta yamutse, layukan ƙofa da rubutun kamfani su narke, kuma babu abin da zai dawo da su. Wanda ya ɗauki tina don ya yi sauri, garin neman gira zai rasa ido.

Abubuwa uku ne ke cire fenti su bar roba lafiya, kuma daga mai sauƙi ake farawa. Na farko sifirit na kemis. Idan fentin na ruwa ne, jiƙa shi na awa 1 zuwa 2 a cikin roba mai murfi ya isa, burushi zai kwashe shi. Na biyu soda ta masu haɗa sabulu, wadda ke cin fentin mai. Zuba cokali 3 na cin abinci a cikin lita 1 na ruwan sanyi. Sodar ake zubawa a ruwa, ba a zuba ruwa a kan soda, kuma a cikin roba, domin tana cin tukunyar alminiyam. Haɗin zai yi zafi da kansa, ka jira ya huce sarai kafin ka sa bodin, in ba haka ba zafin ya lanƙwasa shi. Bar shi ya kwana. Safar hannu ta roba da tabarau wajibi ne, kuma a ɗora mazubin inda yaro ba zai kai ba, don ruwan soda kamar ruwan sha yake a ido.

Na uku man birki mai lamba DOT 3, wanda za ka samu a kowane shagon kayan mota a Farin Gada. Shi ke ɗaga fentin gwangwani mai tauri da sauran biyun suka kasa. Illarsa ita ce idan roba ta daɗe a ciki tana yin gautsi, musamman tsohuwa. Duba bayan kowace awa 2 ko 3, da ka ga fentin ya tattare ka fito da shi ka goge, kuma kada ya wuce kwana ɗaya. Gilashi kada ya shiga ko kaɗan. Tace man ka mayar kwalba don wani aikin, amma ka rubuta a jiki, kada wani ya zuba shi a mota.

Ko da wanne ka yi, ka tsatstsage ragowar fentin da ke cikin layukan ƙofa da tsinken sakace, ka wanke da sabulu sau biyu, ka shanya a inuwa kwana ɗaya. Ɗigon man birki ɗaya da ya maƙale a lungu ya isa ya hana sabon fenti bushewa a wurin.

Bamba, ragar gaba da wili masu ƙyalli ba kurom na gaske ba ne, siririn alminiyam ne aka lulluɓa a kan roba. Idan ya kankare ko ya dushe, tsoma su a bilic ɗin wanki irin Hypo, cikin mintuna za ka ga ƙyallin ya tafi. Kada ka haɗa bilic da wani sinadari. A ƙarƙashi akwai wani shafi mai ɗan rawaya da bilic ba ya ci, shi kuma sifirit ko man birki zai ɗauke shi.

Ginshiƙin rufi da sauran karaya

Ginshiƙin gaba, wanda ke riƙe rufi a gefen gilashi, shi ne ya fi karyewa, don kaurinsa bai wuce milimita 2 ba. Manna shi baki da baki kawai ba ya riƙewa. Ranar da ka buɗa bodin don ka sa shi a kan shasi zai sake ɓallewa. Sai an yi masa ƙashi a ciki.

Samu siririyar wayar tagulla mai kaurin rabin milimita, ka yanko kamar milimita 6. Da tsinin allura ka yi alama a tsakiyar kowane bakin karayar, sannan ka huda rami mai zurfin milimita 3 a kowane ɓangare. Idan ba ka da ƙaramin abin huji na hannu, wasa allura a dutse ta yi gefe biyu masu kaifi, ka soke gindinta a ɗan itace ka riƙa murzawa da yatsu. Kada a yi amfani da abin huji na lantarki, kuma kada a ɗora allurar a wuta, duk biyun narkar da ginshiƙin za su yi. Gwada haɗin babu gam tukuna, ka kalli rufin daga gaba ka tabbatar bai karkata ba. Idan ya zauna daidai, ɗiga sufa gulu kaɗan a kan wayar ka tura, ka matse, sannan ka taɓa layin karayar da gam ɗin roba mai ruwa-ruwa irin Tamiya Extra Thin in kana da shi. Zai bi tsagar da kansa, har ka ga ɗan narkakken roba ya tuɗo. Kada ka goge shi. Bar shi kwana ɗaya ya taurare, sannan ka share da sanfefa mai lamba 600.

Tsagar da ke kan fili, kamar a gefen akwatin baya ko a madigadi, daga ciki ake tallafa mata da ɗan yankin roba mai lamba 6. Katin ATM da katin da layin waya ke zuwa a jiki suna da kauri mai kyau, wajen milimita 0.8, amma robarsu daban ce, gam ɗin roba bai cika kama su ba, sai sufa gulu.

Wajen cike rami da wurin da tsohon gam ya ci, sufa gulu da bekin soda ta masu kek sun wadatar. Cika ramin da garin, ɗiga gam, nan take zai daskare. Share shi a cikin awa ɗaya, domin idan ya kwana yana fin robar tauri, sai sanfefa ta riƙa cin gefe tana barin cikon a tsaye. Naɗe sanfefar a jikin ɗan katako mai lebur. Yatsa yana da laushi, yana bin rami yana ƙara masa zurfi.

Bodi ko shasin da ya murɗe, galibi don an bar shi a rana ko an danne shi a cikin dila, ruwan zafi ne maganinsa. Folistirin yana sakin jiki gaba ɗaya a wajen digiri 100, saboda haka tafasasshen ruwa ya yi yawa. Ana son kamar digiri 70 zuwa 75: ka haɗa kofi 2 na tafasasshe da kofi 1 na ruwan sanyi, ka gwada da cokalin roba. Tsoma wurin da ya murɗe kaɗai na daƙiƙa 20 zuwa 30, ka lanƙwasa shi ya ɗan wuce inda kake so, ka riƙe, ka tsoma a ruwan sanyi yana hannunka. Gara a yi sau huɗu kaɗan-kaɗan da a yi sau ɗaya da ƙarfi. Shasi kuma a kan gilashin tebur ake gwada shi, har sai ya kwanta bai yi rawa ba.

Gilashi da taya

Ƙarzuwa da tabon gam a kan gilashi suna fita in ba su yi zurfi ba. Nemi sanfefar ruwa wurin masu fentin mota, lamba 1000, 1500 da 2000. Goga da ruwa, kowace lamba ta gitta layin wadda ta gabace ta. Gilashin zai yi fari fat har ka zaci ka ɓata shi, amma haka ake so. Daga nan ka goge da farin man goge haƙori a kan tsumma mai laushi, kana tallafe da gilashin daga ciki da yatsa. Tsaga kuwa ba ta gyaruwa, ko an manna za ta riƙa haske. Sauya shi za ka yi: manna salatif ɗin takarda a kan tagar, zana gefenta, ka mayar da zanen kan roba mai haske ta marufin kaya, ka yanka da ƙarin milimita 1 a kowane gefe. Tsofaffin a-kori-kura suna da sauƙi a nan, don gilashinsu na baya da na gefe lebur ne. Da farin gam na kafinta ake manna gilashi. Tururin sufa gulu yana barin farin hazo a jikinsa.

Tsofaffin tayoyi suna da wata cuta da ya kamata a sani. Sinadarin da ke sa su laushi yana tsatsowa a hankali ya shiga folistirin ɗin da ya taɓa. Ka cire taya ka ga bakin wili ya yi laushi yana danƙo, har da shatar tayar a jiki. Kankare wurin har ka kai roba mai tauri, ka cike, sannan ka yi shinge tsakaninsu: naɗa siririn fallen alminiyam na kicin a zagayen wilin inda taya ke zama. Idan taya ɗaya ta ɓace, auna 'yar'uwarta ka bi masu kayan wasan gwanjo da ma'auninka. Idan ba a samu irinta sak ba, sauya biyun baya tare.

Ƙera abin da babu

Nan ne a ganina aikin ya fi daɗi, domin kana iya mayar da motar irin wadda ke ɗauko dankali daga Bokkos ko tumatir zuwa kasuwar Farin Gada. Wayar wutar gida mai silli ɗaya ta 1.5 tana da kaurin kusan milimita 1.4, wanda a ma'aunin 1/24 ya zama bututu mai milimita 33, daidai ƙarfen da masu walda ke ɗora wa bayan a-kori-kura. Fere ta, miƙar da ita, lanƙwasa a jikin katako don sandunan su zo iri ɗaya, ka haɗa da dalma nesa da motar. Tamfol kuma takardar tishu ce da aka jiƙa da farin gam kashi 1 da ruwa kashi 2, a shimfiɗa a kan leda ta bushe da siffar kayan. Eriya da sandar madubi, siririyar waya ta isa.

Fenti a yanayin Jos

Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, kuma yanayinta yana shafar fenti ta hanya biyu. Daga Disamba zuwa Fabrairu sanyi da ƙurar hunturu ne: gwangwani mai sanyi yana tofar da fenti guda-guda, ƙura kuma tana sauka a kan ɗanyen fenti. A tsakiyar damina, Yuli da Agusta, laima tana sa fenti mai saurin bushewa ya yi fari-fari ya rasa ƙyalli. Saboda haka da rana tsaka ake feshi, tsakanin ƙarfe 11 da 2, kuma ba a ranar da hadari ya haɗo ba. Da sanyi, tsayar da gwangwanin a ruwan ɗumi wanda hannu ke jurewa na minti 5, ba a kusa da wuta ba. Yayyafa ruwa a ƙasa ya kwantar da ƙura, ka tanadi kwali ko roba mai murfi da za ka kifa a kan bodin da zarar ka gama. A waje ko bakin taga za ka yi, da takunkumi a hanci.

Fentin gwangwani na kasuwa yana da sinadari mai zafi da kan sa fuskar roba ta yi ƙananan tsage-tsage. Kariyarsa ita ce faraima, wato fentin shimfiɗa da ake fara sawa kafin launi, mai ruwan toka, a fesa ta sama-sama sau biyu daga nisan santimita 25, a bar minti 15 tsakani. Faraima za ta tona duk aibin da ido bai gani ba. Gyara su, share da lamba 1000, sake fesawa, bar ta kwana biyu. Launin ma haka: shafi biyu marasa kauri, na uku ya ɗan jiƙa. Fara danna kan gwangwanin kafin ka iso motar, ka saki bayan ka wuce ta. Idan fentin ya fito da ƙuraje, ka yi nisa da yawa ko gwangwanin ya yi sanyi. Idan ya zubo, ka matso da yawa ko hannunka ya tsaya. Kada ka taɓa shi ɗanye, bar shi ya bushe ka share. Faraima, launi da na ƙyalli su zama na kamfani ɗaya, domin fenti mai zafi a kan fentin mai yana tattare shi, aikin ya dawo farko. Sansana bodin: muddin yana warin fenti bai gama bushewa ba, kuma fentin mai yana iya cin mako guda ko fiye.

Bamba da ragar gaba, a yi musu baƙi mai ƙyalli tukuna, sannan a bi da na azurfa sama-sama. Idan an yi sa'a takardar sitikar motar, irin wadda ake jiƙawa a ruwa kafin a manna, tana nan amma ta yi rawaya, sa ta a leda ka manna a jikin taga ta ciki, rana za ta rage rawayar cikin makonni. Fesa mata fenti mai haske kafin ka jiƙa ta don kada ta wargaje, kuma a kan fenti mai ƙyalli kaɗai take kwanciya ba tare da farin iska a ƙarƙashi ba.

Mayar da ita

Gam ba ya kama fenti, don haka kankare duk inda sassa biyu za su haɗu har roba ta fito. Gilashi da kayan ciki su fara shiga, sannan bodi ya hau shasi, kana buɗa shi daga ƙasan ƙofofi, ba daga kusa da ginshiƙin da ka gyara ba. Wajen sa tayoyi yi amfani da gam mai jinkiri irin Araldite, ka ajiye motar a kan gilashi, ka tokare kowace taya da kwalin ashana ta tsaya tsaye, huɗun duka suna taɓa ƙasa, har gam ɗin ya kama. Akwatin baya ya daidaita da layin ƙofa idan ka kalle shi daga gefe. Bamba, madubai da eriya su ne na ƙarshe, da hantsaki, da ɗigon gam a bakin tsinke. Wurin ajiyarta ya zama kabad mai gilashi wanda rana ba ta dukansa, kuma ka sa ɗan kwali a ƙarƙashin tayoyin, don kada su ci fentin katakon ko robar da suke kai.